Gaɓar da Mala Kolo Ya Fasa

Mala Kolo manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Guri. Tare muka yi aikin yasar kogi, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. Kafin shuka yakan haƙa rami ya duba ƙasa. Baƙar laka shaidar shekarun ambaliya ce, yashi kuwa na shekarun da ruwa bai zo ba.

A shekarar fari ta 1984 ya haƙa ya tarar yashi ya binne lakar. Sai ya ɗauki shebur ya fasa gaɓar kogi, ya jawo ruwa zuwa gonarsa. Rumbunsa ya cika, maƙwabta suka kwaikwaye shi.

Ruwan ya saba da sabuwar hanya ya ƙi komawa. Tsohuwar ta cike da yashi, gonar Mala ta daina bushewa, kacalla, doguwar ciyawar da ke tsiro a ruwan da ya kwanta, ta cinye ta.

Bayan wasu shekaru na same shi cikin ruwa har ƙugu, yana yankan kacallar gonarsa da lauje.

Na ce, "Baba Mala, wannan ciyawa ba ta yankuwa."

Ya ce, "Na sani. To, in zauna ina kallonta?"

Da damina ta zagayo, ya tafi ƙwadago a gonakin mutane a Birniwa.