Takardar Sakamakona a Wuyan Inna

Shekarun baya, lokacin da soja ke mulki, na yi shekara biyu a wata jami'a a Libiya, karatu duk da Larabci. Ban gama ba. Fari ya cinye garkarmu ta Timia, mahaifina ya kwanta ciwo, sai na tattaro na dawo. Muka koma birni, unguwar Dagmanet, na samu aikin koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamai.

Bayan shekara shida wani abokina ya zo daga Yamai ya ce min za a iya ƙirga min shekarun nan biyu in ƙarasa a jami'ar can, muddin na kawo takardar sakamako ta asali. In babu ita, sai dai in koma shekarar farko tare da yaran da na girme wa nesa. Ni kuwa da ma ina taƙama da adana takardu, na ce masa wannan ai ba magana ba ce.

Kwana uku ina zazzage akwatuna, ban gan ta ba. Ga shi motar Yamai ranar Alhamis za ta tashi. Mahaifiyata na zaune tana tankaɗe, tana kallona.

"Wai me kake nema haka, ka hana mu sakat?"

"Wata takarda, Inna. Mai rubutun Larabci da jan hatimi."

Sai ta sa hannu cikin rigarta ta jawo wata laya da ta yi baƙi da gumi. Ashe ranar da muka baro Timia ta tsinci takardar a ƙasa. Ita a wurinta duk rubutun Larabci na Allah ne, ba a barin sa a taka, shi ya sa ta kai wa baduku ya ɗinke da fata.

"Da ita na wuce farin nan," ta ce. "Da ita na yi jinyar babanka. Yanzu farkewa za ka yi?"

Gaskiya na ji nauyi ƙwarai, amma na ce dole ne. Da hannunta ta miƙo min reza. Takardar ta fito a ninke kamar guda goma, gumi ya cinye layi ɗaya.

"To, karanta min in ji abin da nake rataye da shi."

Na karanta mata: nahawu kaza, tarihi kaza, lissafi da ƙyar na haye. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"Ba laifi. Ya dai tsare ni."

A Yamai an karɓi komai ban da layin da ya goge, kuma shi ne darasin da na fi ƙoƙari a kai. Na sake zama a kansa wata huɗu, ban yi ko ƙorafi ba. Na gama karatuna lafiya.

Har yau in na tuna nakan yi dariya, sannan in ji zuciyata ta karye. Duk takardun da ni mai ilimi na adana a akwati, gara ta lalata su. Wannan ce kaɗai ta tsira. Da na dawo gida na ɗora mata babbar takardar shaida a cinya, ta juya ta, ta ga rubutun Faransanci ne, ta miƙo min abata.

"Wannan taka ce. Ina tawa?"

Washegari na kai wa baduku tsohuwar takardar ya sake ɗinke mata.