Dattijon da ke Jiran Motar Kornaka

Tun hantsi Haula mai koko take satar kallon wani dattijo a tashar Dakoro. Rigarsa ta koɗe amma a wanke take tas, ga ƙaramin gicciye na itace a wuyansa. Kuturta ta cinye masa yatsu, don haka da tafuka biyu yake tallabe kofin koko, ko ɗigo ba ya zubarwa. Wataƙila a asibitin mishan ya yi ƙuruciya. Wataƙila tuni danginsa suka ware masa kwano.

Da ya miƙo kofin, sai ta ce, "Sannu, Baba. Allah ya sa kaffara ne."

Ya yi murmushi. "Na gode, ɗiyata. Mu a wurinmu, Almasihu ya riga ya yi kaffara a kan gicciye."

"To wannan wahalar fa, ta mece ce?"

Ya dubi dungulmin hannuwansa. "Ban san duka ba. Amma shi ma an huda nasa hannuwan. In na kai masa kuka, ba sai na yi bayani ba."

Haula ta ɗauraye kofin, sannan ta kife shi cikin sauran kofunanta.