Yadda Alhaji Ya Samo wa Kekensa Burtali

Matso nan kusa, ja kujerar can ka zauna, in ba ka labarin yadda maigidana ya koma hawan keke da furfurarsa. Ni ba mai yawo ba ce. Shekara da shekaru ina unguwar Lajifarani a nan Paraku ta ƙasar Benin, daga ɗaki sai madafa sai bakin zaure. Amma kunnena ba ya barin magana ta wuce shi, kuma rabin wannan labari da idona na gani.

Alhaji dillalin shanu ne. Tun ina amarya yake bin kasuwannin Borgu, ya san Fulani sun san shi. Da girma ya zo yara suka karɓi aikin, shi kuma ya samu gindin mangwaron tsakar gida ya zauna. Zaman nan ne ya so ya cinye min shi. Ƙafafu suka kumbura har takalminsa ya daina shiga. In ya tashi daga sujada sai ya dafa bango. Da muka je asibiti wajen lokotoro, wato likita, ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, tansiyonka ta hau sosai, hawan jini ne. Magani kaɗai ba zai yi ba. In ba ka motsa jiki ba, wata rana hannu da ƙafa za su ƙi ka."

"Gwiwa ba ta barina tafiya," in ji Alhaji.

"To hau keke. Keke ba ya cin gwiwa."

Na matsa masa har aka sayo. Ya hau sau ɗaya tak. Ka san titin Paraku: 'yan zem masu acaba ta dama ta hagu, ga kamiyo, manyan motocin kaya masu zuwa Nijar, suna danna oda kamar za su tsaga kunne. Ya dawo yana haki, ya ce wata kamiyo ta kusa goge masa kafaɗa. Amma ba kamiyo ce ta raba shi da keken ba. Washegari da hantsi sai ga wani tsohon abokinsa, mahauci, ya sauke buhun shinkafa a zaure, ya zauna yana kallon ƙasa. Ina bayan labule ina ji.

"Alhaji, ba wanda zai ji daga bakina. Ni da kai ba mu fara yau ba."

"Ya ji me?"

"An ce an gan ka a keke."

A wajenmu in babban ɗan kasuwa ya sauka daga mota ya hau keke, ba a tambayarsa. An san ya karye, sai a rufa masa asiri a ɓoye. Alhaji ya rantse, ya sake rantsewa cewa lokotoro ne ya sa shi. Mahauci yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, haka ne, lokotoro," irin gyaɗa kan wanda bai yarda ba. Shinkafar dai mun ci, don mayar da ita cin fuska ne. Keke kuwa ya shiga ɗakin ajiya, ƙafa ta ci gaba da kumbura. Ni kuma in na ga barci ya ɗauke shi a kujera da rana, sai in tsaya ina kallon ƙirjinsa in ga yana ɗagawa.

'Yarmu ta fari tana Faransa, a wani ƙauye, tana aikin kula da tsofaffi. Na kai mata ƙararsa a waya. Kwana biyu sai ta turo bidiyo. Wata hanya ce siririya, an shimfiɗa mata gudoro, wato kwalta, sumul, itatuwa ta ko'ina. Ta ce da jirgin ƙasa ne ke bi, aka cire ƙarfen aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ba mota, ba babur. Ga tsofaffi fari fat da furfura suna tafe a keke da gajeren wando, in sun zo wuce juna sai su kaɗa 'yar ƙararrawa, kilin-kilin.

Na miƙa wa Alhaji. Ka san me ya kalla? Shanun da ke kiwo a gefen hanya.

"Dubi wannan, ko tozo babu. Amma akwai nama, wallahi akwai nama. Mayar min baya."

Na mayar masa sau huɗu. A na huɗun sai ya ce, "Hajiya, ai wannan burtali ne. Burtali ne suka yi wa kwalliya."

Burtali shi ne hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, mota ba ta binsa. Alhaji ya san kowane burtali kamar tafin hannunsa, musamman na wajen garin Jugu, inda ƙanena yake zaune a gefen Kolokonde. Can kuwa keke ba abin kunya ba ne, kowane manomi da nasa, ya ɗaure doya a baya ya wuce.

Ya ce zai tafi. Na ce ƙafarka ƙafata, don na san in na bar shi matar ƙanena za ta cika masa miya da gishiri da magi saboda kara. Haka na kulle ɗakina, ni da ko biki sai an ja ni. Aka ɗaure keke a saman taksi muka kama hanyar Jugu, damina ta ɗauke ke nan, doya na ƙasa ba a gama tonowa ba.

Kwana uku na farko lafiya lau. Da safe sai ya naɗe riga ya soke a wando, ya bi jar hanyar nan a hankali. Ni da matar ƙanena mu zauna a gindin wata kaɗanya muna ɓare gyaɗa, muna hangensa har ya ɓace, ya sake ɓullowa.

Rana ta huɗu ya yi karo da garke. Wani Bafulatani magidanci ne ya koro shanunsa za su rafi, sun cika burtalin. Mutumin da ya yi shekara arba'in cikin shanu, ya san ana tsayawa gefe ne a yi musu magana ƙasa-ƙasa su wuce. Amma bidiyon nan ya shiga kansa. Sai ya kaɗa ƙararrawa, kilin-kilin, kamar tsohon Bature. Shanun daji ba su san wannan ƙara ba. Na gaba ya zabura, sauran suka bi, suka faɗa gonar doya suka tattake kunya ta kai ashirin.

Kafin mu isa mai gona ya iso da garmarsa. Yana faɗa da yarensu na Yom, Bafulatani yana rantsuwa da Fulatanci, kowa ya ɗaga murya. Rigimar gona da shanu ba wasa ba ce, kuma na san in ta kai gaban mai gari, abu na farko da za a ce shi ne baƙon nan ya bar musu hanya. In aka hana shi burtali, sai gindin mangwaro.

Sai na ga dillalin da na aura ya dawo. Ya jingine keke, ya kama hannun wannan ya kama na wancan, kamar yadda yake yi a kasuwa in ciniki ya ƙi. Ya juya harshe zuwa Dandanci, wanda dukansu ke ji.

"Shanu ba su yi laifi ba, mai shanu bai yi ba. Ga mai laifi nan, tsoho da ƙararrawa. Ɗan'uwa, ba ni garmar."

Mai gona ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, kai? Wannan cikin zai bar ka ka sunkuya?"

"In ya hana ni, kai ka riƙe min shi."

Dariya ta ƙwace wa Bafulatanin, mai gona ma ya kasa riƙewa. Safiya uku Alhaji ya yi yana tayar da kunya tare da shi. Gaskiya biyar ya tayar, sauran mai gona ne ya yi yana masa tsiya. Ƙararrawar kuwa a wurin ya kwance ta ya ba mutumin, ya ce ya rataya a gona ko ta kori ɓeraye. Daga ranar in ya hango garke sai ya sauka, ya tsaya gefe yana kiran shanun da launinsu, suna wucewa suna shinshinar keken.

Wata guda muka yi. Da muka dawo Paraku takalminsa ya shiga ba tare da an tura ba. Lokotoro ya auna, ya ce tansiyon ta sauka, ba duka ba, amma ta sauka, kada ya kuskura ya daina. Yanzu kowane wata sai mun yi sati biyu a Kolokonde. Ya fara kai wa har wata gada da ke gaba da rafi, ya dawo yana ba ni labarin gonar wa ta yi kyau.

Sai dai ya ɓullo da sabuwa. Ya ce lokotoro ya faɗa masa a asirce cewa ni ma nauyina ya yi yawa, abin da ban ji da kunnena ba, kuma ina wurin. Ya ce hawan shi kaɗai ya fara isarsa, ba abokin hira, in ban bi shi ba zai iya yin sanyi. Shekaranjiya sai ga keken mata a zaure, irin mai kwando a gaba. Matar ƙanena ta aiko cewa za ta riƙe min baya har in iya, ba wanda zai gani sai shanu. Na zagaya shi sau biyu, na taɓa sirdin. Jibi za mu tafi. Kai da ka ji duka, in ce a ɗaura shi a saman taksin, ko in bar shi a zaure?