Rubutun bayan motar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota ne, yana ɗaukar gero da dawa daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi. A bayan motarsa an rubuta da jan fenti: "Inna ta ce ka dawo da ƙafarka." Maganar kakata ce. Kullum zai fita daga gidanmu na Zurmi sai ta bi shi har zaure ta faɗa masa haka, musamman da hanya ta lalace da 'yan bindiga.

Direbobinmu suna da al'ada, rubutun motar wani ba a ɗaukarsa. In ya burge ka, sai ka kai goro ka roƙa, mai shi ya ba ka ko ya hana.

Wata ranar kasuwar Shinkafi na raka shi, lokacin ina hutun jami'a. Muna sauke buhuna sai ga wata motar Nijar ta shigo ta hanyar Jangeru, da maganar kakata ɓaro-ɓaro a bayanta. Kai! Kawu ya saki buhu, idonsa ya yi ja.

"Wanga sata ta! Uwata yas sata!"

Ni kuma da rawar kan ɗan makaranta na fara yi masa bayanin haƙƙin mallaka. Na ce kowace ƙasa da dokarta, wasu sun yarda ka ɗauki ɗan guntun maganar wani in ka faɗi mai ita, wasu sun fi tsauri, kuma wataƙila can al'adar goron nan ba ta kai ba.

"Rufe mini baki," in ji shi. "Inna guntu ta?"

Ya nufi direban, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya ce ko dai a goge yanzu ko a tara shugabannin tasha. Mutumin bai yi musu ba. Ya ce a wajensu in magana ta yi maka daɗi a hanya sai ka ɗauka, bai san ana roƙo ba. Ya ba da haƙuri, ya je ya sayo baƙin fenti da burushi. Ni dai wallahi ban so a goge ba.

Ya tsoma burushin, sannan ya ce a hankali, "Tawa uwar ta rasu bara. Ba ni da mai ce mini haka in zan fita, shi ya sa na ara."

Kawu da ke faɗa da kowa a tasha, sai ga shi yana goge ido da hular kansa. Ya fizge burushin ya jefar cikin kwata.

"Bar shi nan. Amma ba a ɗaukar maganar Inna daga bayan mota, malam. Ka biyo ni Zurmi yau ka ji ta daga bakinta."