Rabon 'Ya'yan Mai Rai

Lokacin da nake aikin jin daɗin jama'a a Ajingi, kullum daga Gaya nake hawo acaɓa. Mutane sun ɗauka aikinmu bai wuce sasanta miji da mata ba, sai zaman jiran a tashi. Wata safiya, farkon damina, wata mata daga Toranke ta shigo mini da goyo. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malama, za a raba mini 'ya'ya."

Na ce, "Innalillahi! Yaushe maigidan ya rasu?"

Ta ce, "Yana nan da ransa."

Ashe ɓarin jikinsa ne ya shanye ana gama shuka. Ciyawa ta cinye gero, 'yan'uwansa kuma tausayi ya kama su, suka ga babu taimakon da ya fi su kwashe yaran su riƙa, uwar ta ji da jinya.

Na je zaman da aka yi a zauren dagaci. Kai, na ga zumunci ranar! Babban wan mara lafiyar ya zaɓi babban yaron, wai don ya samu tarbiyya. Shanun huɗarsa da ba su da mai kiwo, wannan dacewa ce kawai. Ƙaninsu ya ce shi yarinyar yake tausayi, kuma kowa ya san matarsa na suyar awara, ba ta da mai kai mata bakin hanya. Na goye kuwa, da bai iya komai ba sai kuka da fitsari, tausayin kowa bai kai kansa ba.

Na ce, "To gonar fa? Ku yi masa gayya mana, ku nome, yara su zauna gaban iyayensu."

Wan ya gyara hula ya ce, "Ai Malama zamani ya canja, kowa da hidimarsa."

Sannunku da hidima! Ni da na wuce su ƙarƙashin darbejiya suna dara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya wajen dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne. Uban yaran nan bai mutu ba. A tashi a je ɗakinsa, kowa ya faɗi wanda ya zaɓa a gabansa."

Wani ya ce, "Haba Malama, mutum na kwance!"

Na ce, "Kunnensa ƙalau yake."

Dagaci, Allah ya saka masa, sai ya jawo takalmansa.

Muka sami mara lafiyar a kan tabarma, baki ya karkace, matar na goge masa yawu da bakin zaninta. Yaran suka tsaya a ƙofa. Wan nan da ɗazu yake zuba bayani kamar mai karanta labarai a rediyo, sai maimaita "ya jiki" yake yi.

Na ce, "Alhaji, ci gaba mana. A wajen tarbiyya ka tsaya."

Ya sunkuyar da kai. Mara lafiyar ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, na gane tuni labari ya kai masa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna bango. Matar ta miƙo ruwa, ya girgiza kai. Fartanyarsa yake nunawa, tana rataye inda ya bar ta. Da ƙyar maganar ta fito.

"Yaya... ɗauki wannan."

Ni dai na fita na yi kukana a bayan rumbu, don wai ma'aikaciyar gwamnati ba ta kuka a gaban jama'a.

Ba wanda ya ƙara tayar da zancen riƙo, aka tsayar da ranar gayya. Ranar gayyar na koma, na tarar da yaran a gidansu, yarinyar na taya uwarta dama kunun masu noma. A gona na hango Alhaji a duƙe, ya tuɓe babbar riga, fartanyar ƙaninsa a hannu, gumi har cikin ido. Ashe ya iya riƙe ta, kuma bayansa lafiya lau.