Ganyen da Inno Ta Kaɓe Mini a Hannu

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da na fara azumi, kakarmu Inno ta yarda na bi ta daji ɗebo itace. Da hantsi muka fito daga gidanmu na Ƙofar Kware, ita a gaba da gatari a kafaɗa, ni da gorar ruwa, sai ƙanwata Luba da ta yi ta birgima a tsakar gida har aka bar ta ta biyo mu. Inno ba ta ɗaukar guzuri. Da na tambaye ta abin da za mu ci, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Abincinku na nan bisa itace, ku dai buɗe ido."

Haka kuwa aka yi. Muna wuce gonakin gero ta fara tsinkar ganye tana miƙo mana. Tohon tsamiya mu tauna don yawu ya kawo, tafasa mu ƙulle a bakin zane saboda kwaɗon yamma, kaba kuma a yage ta siri-siri a ɗaure itace da ita. Kowane ganye sai ta sa mun murza, mun shinshina, mun faɗi sunansa, wadda ta kuskure ta sha ranƙwashi. Ni dai rabin hankalina yana kan fara. Na ajiye gora a gindin wani kalgo na bi su da gudu, Luba na bina tana ihu, muka cika bakin zane. Sai da rana ta take, mun yi nisa, Luba ta taka ƙayar aduwa ta zauna tana kukan ƙishirwa, sannan na tuna da gora. Na duba baya, kalgo ya fi a ƙirga, kowane kamar ɗan'uwansa.

Inno ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi duka ban tsoro. Ta zaunar da Luba a inuwa, leɓen yarinyar duk ya bushe, ta gangara wata ƙorama da ta janye, ta tona yashi har ruwa ya fara tsattsafowa a ɗan rami. Ta ce in samo ganye mai faɗi a kai wa yarinya ruwa. Ni da nake neman wanke laifina, sai na zaɓo wanda ya fi kowane faɗi da kauri, ganyen tumfafiya. Na naɗe shi, farin ruwansa na ɗiga a ciki, na ciko na ruga. Luba ta riga ta buɗe baki na ji an kaɓe mini hannu, ruwan ya watse a ƙasa.

"Ke Kulu, mi ɗiyag ga ta yi miki? Nonon tumfafiya za ki ba ta? Kak ki taɓa idonki, tahi ki wanke hannu!"

Da yashi da ganyen magarya na dirje hannuna har ya yi kumfa. Sannan Inno ta tsinko ganyen kalgo, wanda nake ta wucewa tun safe, ta haɗa biyu, ta lanƙwasa, ta soke da ƙaya, sai ga 'yar moɗa. Sahu nawa na yi tsakanin rami da inuwa, ban sani ba. Inno ta zare ƙayar daga ƙafar Luba, ta tauna sabara ta tofa a wurin, ta rufe da kalgo ta ɗaure da kaba, Luba ta tashi tana ɗingishi tana mini gwalo. A hanyar komawa Inno ta ratse kai tsaye zuwa wani kalgo, ta ɗauko gorata ta ɗora mini bisa itacen da na ɗauko. Har aka yi mini aure 'yan gidanmu Kulu-tumfafiya suke kirana.

Yanzu ina Runjin Sambo wajen ɗana, inda muke tsintar fara duk ya zama gidaje, jikokina kuma a leda suke shan ruwa. Kwanan baya na hango ƙaramarsu, Ummi, a bayan katanga tana wasan girki, ta zuba ruwa a ganyen tumfafiya za ta kai baki. Ban san lokacin da na isa na kaɓe shi ba. Uwarta ta ce, "Haba Hajiya, a hankali mana." Ban kula ta ba, na kama hannun yarinyar muka fita in nuna mata ganyen da ake sha da shi. Mun zaga unguwar nan kaf, ban samu kalgo ko ɗaya ba.