Ranar da Ɗanjummai Ya Ƙi Gaida Surukinsa

A Karare, in ka ce ka ga Ɗanjummai zaune, sai a tambayi lafiyar idonka. Dillalin gyaɗa ne, ya ba hamsin baya, amma ƙafarsa kamar an barbaɗa mata barkono. Da hantsi yana Batsari, kafin la'asar an gan shi a Safana yana gardamar tiya. Ko tuwo a tsugune yake ci, ido na kan ƙofa.

Abin da ke cin sa a rai kuwa yayansa ne. Bara yayan ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jiki ya shanye, sai an kwantar sai an tayar. Haka ubansu ya ƙare. Ga shi kwanan nan shi ma ƙeya na sara masa. Matarsa Tani ta tasa shi gaba har ɗakin shan magani, wurin malamar asibiti, Esther 'yar Bulus, a auna ko jininsa ya hau.

Ɗakin cike yake da mata masu juna biyu, ya ce ko da wuƙa a wuya ba ya shiga. Aka ajiye masa benci a baranda, bakin hanyar kasuwa.

"Kawu, sharaɗi ɗaya ne," in ji Esther, tana ɗaura masa ɗamarar awo a dantse. "Ba magana, ba motsi, sai na'ura ta gama."

"To 'yar nan, ai kin kashe ni tun ciwon bai iso ba."

Na'ura ta fara matsa, sai ga wani dattijo. Ɗanjummai ya zabura ya rusuna: ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya shanu. Awo ya lalace. Aka sake, sai ga liman. Aka sake, sai ga yayar uwarsa da ƙwarya a ka.

"Kawu, gaisuwa ba ta guduwa," in ji Esther, murmushi ya ɗauke. "Jijiya kuwa in ta fashe ba ta yin sallama. Kana so Inna Tani ta dinga juya ka a tabarma?"

Ya zauna, ya dafe gwiwa. Ɗamara ta kumbura. Can sai ga Baba Sodangi, mahaifin Tani, wanda tun aurensu bai taɓa ganin Ɗanjummai da takalmi a ƙafa ba. Tsoho ya tsaya.

"Ɗanjummai?"

Gumi ya tsattsafo masa. Yatsun ƙafarsa na ta kokawa da takalmi, amma bai motsa ba, bai ce uffan ba.

"Lallai duniya ta zo ƙarshe," in ji tsoho, ya yi gaba.

Esther ta dubi na'ura. "Wannan har da na suruki a ciki. Huta mu sake." Aka sake, jini dai a sama yake. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce a rage gishiri, ya dawo duk ranar kasuwa.

Bai gama ji ba ya kwashi takalmi a hannu ya bi tsoho da gudu.

Yanzu jinin ya fara sauka. Duk mako yana zuwa awo, ya juya benci ya fuskanci bango, ƙafa na rawa. Baba Sodangi kuwa har yau da ka yake amsa masa gaisuwa.